Surutun da Na Ce Ba Shi da Ma'ana

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na zo gida Yelwa ina aji uku a jami'a ba, lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba. Karatun gyaran magana nake yi, wato taimakon masu in'ina da waɗanda ciwo ya ƙwace wa harshe. (A unguwarmu Likita ake ce mini, ni kuma ban taɓa musawa ba.)

Na tarar da Baba kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da ya tsufa yana cinikin busasshen kifi da Hausa garau, yanzu in ya buɗe baki sai wasu sautuka da ko Inna ba ta ganewa. Ɗa na gari kuka zai yi. Ni littafi da biro na ɗauko. Kwana uku ina zaune a bakin ƙofa ina rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa, shi kuma yana kallona yana maimaita abu ɗaya.

Rana ta huɗu ɗaki ya cika da 'yan dubiya. Na gyara zaman tabarau (na ado ne, idona ƙalau), na ce, "Wannan surutu ne kawai, ba shi da ma'ana. Ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, mun karanta shi."

Gwaggo Hajo, yayar Baba, wadda jirgin ruwa ya kawo daga Wara da safen nan, ta ɗago kai ta dube ni.

"Kai ɗan nan, mi kac ce? Gunganci na shika yi, harshen uwarmu."

Na san Baba Bagunge ne. Amma tun da ruwan madatsar Kainji ya cinye tsibirinsu, Baba ya dawo gari, ya bar harshen, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Kunyar asalin namu ma nake ji a makaranta. Ashe ciwon ya ɗauke Hausar, ya bar masa harshen da aka goye shi da shi.

Da ƙyar na ce, "Gwaggo, me yake cewa?"

"Cewa shikai ka aje takardar ga, ka zo ka zamna kusa da shi."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Na ajiye littafin na zauna, ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, sai a lokacin kukan ya zo mini.

Kafin hutu na gaba Allah ya yi masa rasuwa. Har yau abin yana cina.

Yanzu duk majinyacin da aka kawo mini, sai na matso da kujera kusa, na tambayi harshen uwarsa, kafin in taɓa biro. Wannan darasin ba a jami'a na samu ba, tsohuwar da ba ta san bihim ba ce ta koya wa Likita. Littafin kuwa yana nan cikin akwatina: shafi bakwai na ubana yana kirana, da kyakkyawan rubutuna.