Yawale Ya Je Jaje Wajen 'Yan Garma

A garin Kanyar Dutse, bayan tashar mota, akwai wani gida mai ƙofar langa-langa inda mutum uku suke zaune. Inna Marka ce babba, mai tuyar ƙosai a bakin Kwalejin Horon Malamai. Sai babban ɗanta Sallau, direban motar kwalejin, kuma shugaban magoya bayan ƙungiyar ƙwallonta. Sai auta Yawale, ƙaton saurayi har da gemu, zuciya fes, amma kai kam sai a hankali. Yawale bai taɓa ƙin aike ba, kuma babbar matsalar ke nan. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai kama da wuta.

Kogi ne ya raba garin biyu. A tudu ga Kwalejin Horon Malamai, 'yan Alli masu farar riga. A gangare ga Kwalejin Aikin Gona, 'yan Garma masu koriyar riga. Duk shekara sai sun kara a filin ƙwallo, kuma shekara da shekaru 'yan Garma ne ke lallasa 'yan Alli. Al'adarsu kuwa, wanda ya yi nasara sai ya cusa ciyawa a rigar abokin hamayya ya yi mutum-mutumi, bayan mako guda a ɗauko shi da kiɗa a jefa kogi daga kan gada. A gadar nan ake fasa kawuna duk shekara. Bana shugaban kwaleji ya gaji, ya kira Sallau ofis ya ce, "Kai ne jagoransu. In aka fasa kai ko ɗaya, ka ajiye min makullin mota." Makullin nan kuwa shi ne tuwon gidan Inna Marka, don ƙosai kaɗai ba ya riƙe gida.

Wata rana, ranar wasan ke nan, Sallau ya rataya wa Yawale ganga, ya nuna masa ragar gabas da yatsa. "Ka ga waccan ragar? Duk sa'ad da ƙwallo ta shiga cikinta, ka daki gangar nan kamar za ka fasa ta." Yawale ya ce to. Ba a jima ba 'yan Alli suka zura ƙwallo a ragar gabas, Yawale ya saki kiɗa, ɗalibai suka yi ta shafa masa kai, shi kuwa baki har kunne. Aka tafi hutun rabin lokaci, aka dawo aka sauya gida kamar yadda ake yi. Sai ga 'yan Garma sun farke, ƙwallo ta shige ragar gabas ɗin nan dai. Ɓangaren 'yan Alli ya yi tsit, sai gangar Yawale kawai kake ji, dam-dam-dam, har da taka rawa. Ranƙwashi ya sauko masa ta ko'ina. Can dab da tashi Allah ya ba 'yan Alli ta biyu, fili ya ruɗe, malamai suna jefa huluna sama, wani dattijon lakcara yana birgima a ƙasa da babbar riga. Sallau ya juyo yana kuka yana ihu, "Buga mana, buga!" Yawale na tsaye hannu a harɗe. Ya ce, "Yaya, wannan ragar yamma ce. Ba ita ka nuna min ba."

Wata rana, washegarin wasan, tudu bai san inda kansa yake ba. 'Yan acaba na ta hon ba fasinja, mai shayi ya rantse ba zai sa ganyen shayi ba sai madara zalla, saboda fara ce kamar rigar 'yan Alli. Sallau, da muryarsa ta dishe, ya ce wa ƙanensa, "Fita, duk wanda ka gani ka gaya masa mun lallasa 'yan Garma biyu da ɗaya." Yawale ya dube shi ya ce, "Yaya, mun lallasa 'yan Garma biyu da ɗaya." Sallau ya ce ya sani. Yawale ya ce ai shi ya fara gani. Ya fita ya gaya wa Inna, ya gaya wa mai gyaran taya, ya tare ɗan wasan da ya ci ƙwallon da ƙafarsa ya ba shi labari. Ya iske wani tsoho mai nauyin ji a gindin darbejiya, ya tsaya a kansa yana maimaitawa tun hantsi har azahar, tsohon na cewa Allah ya jiƙanta. Da ya dawo gida ya sake ganin Sallau, ya sake gaya masa. Kafin la'asar Sallau, mutumin da ya shekara goma sha yana jiran wannan labari, ya shige ɗaki ya sa sakata don kada ya ƙara jin sa.

Wata rana aka fito da kofin da 'yan Alli suka ci, aka ɗora shi a kan tebur a ƙofar kwaleji don jama'a su zo kallo. Mata da goyo, 'yan kasuwa, har masu tallan goro, kowa so yake ya shafa. Sallau zai je shan mai a mota, sai ya tsayar da Yawale ya ce, "Kada ka bari kowa ya taɓa shi." Ai kuwa ko ƙuda bai samu sauka ba. Ana nan sai ga shugaban kwaleji da manyan baƙi daga birni, mai hoto na biye da su. Shugaba ya gyara hula, ya yi murmushi ya miƙa hannu zai ɗaga kofi. Fau! Yawale ya make masa bayan hannu, irin yadda Inna ke yi wa mai saurin ɗaukar ƙosai daga kasko. Daidai nan mai hoto ya danna. Shugaba ya ce, "Kai, ka san ko ni wane ne?" Yawale ya rusuna ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Mun lallasa 'yan Garma biyu da ɗaya." Ranar Sallau ya daɗe a tsugune a ofis yana ba da haƙuri, aka kuma sake tuna masa maganar makulli.

Wata rana ɗalibai suka ce ba su yarda a ga launin 'yan Garma a layin kwaleji ba. Da ma bara 'yan Garma sun bi dare sun shafa koren fenti a bangon layin, shi suke so a rufe. Suka kwaɓa farar ƙasa a bokiti, suka miƙa wa Yawale buroshi. "Duk abin da ka gani kore a layin nan, mayar da shi fari." Ya gama da bango, aiki tsaf. Sai ya waiwaya ya ga kankanar Malam Barmo jere a kan tabarma, mai ita ya tafi salla. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce kan zogalen da Inna ta dasa a bayan rumfarta, ganye-ganye, da haƙuri. Yana cikin lallaɓa wata hawainiya a kan darni Malam Barmo ya dawo, ya ga kayansa sun koma kamar ƙwan jimina, ya ɗora hannu a ka ya yi salati. Inna Marka kuwa da matsamin ƙosai ta biyo ɗanta har tasha, tana cewa, "Ni Marka na ga ta kaina! Wa ya ce maka zogale ɗan Garma ne?"

Wata rana, ranar jefa mutum-mutumi ta zo, kuma wannan karon dariya ta ƙare wa Sallau. Ya roƙi ɗalibai su bar abin nan, suka ce atafau, shekara nawa ana jefa farar riga a kogi, yau ranar koriya ce. Labari ya zo daga gangare cewa 'yan Garma sun taru a rumfar tarakta, kowa da gora ko ƙotar fartanya, sun rantse rigarsu ba za ta taɓa ruwa ba. Sallau ya zauna a bakin motar da yake tuƙawa yana jujjuya makulli a hannu. Sai ga Yawale. "Yaya, ni wane aiki za a ba ni?" Sallau ya yi banza da shi. Ya sake tambaya, ya kuma sakewa. Haushi ya ƙume Sallau ya ce, "Je ka yi wa 'yan Garma jaje, ka ji aikinka!" Ɗalibai suka kwashe da dariya, har da masu tafawa. Yawale ya ce to.

Gida ya fara zuwa, don ya san ba a zuwa jaje da datti. Ya yi wanka, ya sa kaftanin Juma'a da hula. Ya tsaya a rumfar Inna ya ce Yaya ya aike shi jaje. Inna ba ta tambayi gidan wa ba, ta ce ba a zuwa hannu sake, ta cika masa kwano da ƙosai mai zafi ta rufe da faifai. Ya ɗauka ya ƙetare gada shi kaɗai, rana tsaka.

A rumfar tarakta ya iske su maƙil, fuskoki a murtuke. Suka gane shi nan take, ƙanen Sallau ne, mai ganga. Yawale ya tuɓe takalmi a bakin rumfa, ya yi sallama, ya tsuguna gaban Baba Jatau, tsohon da ke horar da 'yan wasan Garma. Ya ce, "Baba, ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri." Wani ƙaton ɗalibi ya zabura ya ɗaga gora. "Ba'a ya zo yi mana har gida!" Baba Jatau ya ɗaga masa hannu, don ya ga abin da sauran ba su lura ba. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskar Yawale.

Yawale ya sharce hanci ya ce, "Wallahi na san zafinsa. Duk shekara in kun ci mu, Yaya ba ya iya cin tuwo, sai ya juya wa bango fuska. Ni ma sai in kasa ci, alhali ina jin yunwa. Ku ci ƙosai, Inna ce ta bayar."

Daga nan ya miƙe ya bi su ɗaya-ɗaya, don a wurin jaje ba a tsallake kowa. Hannu bibbiyu yake miƙawa yana rusunawa, "Sannunmu, ya muka ji da haƙuri?" To mutum ya miƙo maka hannu biyu yana kuka, ka karɓa da gora? Dole ka jingine ta. Mai ɗaga gorar nan ma sai ga shi ya soke tasa a hammata, ta zame ta faɗi, ya ce, "Da godiya," yana kallon ƙasa. Can bayan tarakta Yawale ya hango Ilu, golan da aka zura wa ƙwallo biyu, zaune shi kaɗai, tun ranar wasa ba mai yi masa magana. Ya je ya zauna kusa da shi ya ce, "Kai ne aka fi yi wa rashi. Ta biyun nan ko kana da hannu huɗu sai ta shiga." Ilu ya yi dariya, sai kuma ya fashe da kuka, sai rumfar ta kama dariya gaba ɗaya, kwanon ƙosai yana yawo hannu zuwa hannu.

Baba Jatau ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Tun da aka fara wasan nan ba wanda ya taɓa taka ƙafa ya zo mana jaje, mu ma ba mu taɓa zuwa ba. Kunya ta kama ni. Ku tashi mu raka baƙo."

A lokacin 'yan Alli sun iso bakin gada da kiɗa, mutum-mutumi a sama yana lilo cikin koriyar riga. Sallau na gaba yana roƙonsu, sai ya hango gangare ya cika da kore, suna tahowa. Ya ce shi ke nan, aiki ya tafi. Da suka matso sai ya ga ba gora ko ɗaya, kuma wanda ke gabansu ƙanensa ne, da kaftanin Juma'a da kwano fanko a ka. Kiɗa ya mutu.

Baba Jatau ya tsaya tsakiyar gada ya ce, "Sallau, kai ka aiko mana da jaje?" Sallau ya dubi ɗaliban da suka ji yadda ya faɗi maganar, ya dubi Yawale, sannan ya ce, "Ni ne, Baba." Tsoho ya ce, "To ka fi mu hankali. Mun gode. Barka da nasara." Ya miƙo hannu biyu. Masu riƙe da mutum-mutumi suka rasa inda za su sa shi. Suka sauke shi a hankali, wani ya zare rigar ya kakkaɓe ciyawa ya linke, ya miƙa wa Ilu yana sosa ƙeya. Ciyawar kuwa 'yan Garma suka kwashe, suka ce shanunsu na so.

Sallau ya damƙe makullinsa ya sa a aljihu, ya rungume ƙanensa a gaban jama'a. Yawale ya bari sai da ya sake shi, sannan ya ce, "Yaya, akwai saƙo. Sun ce in gaya maka baɗi su ma za su zo mana jaje, har da fura."

Sallau ya zaro ido. "Kai kuma ka ce musu me?"

"Na ce Allah ya kai mu."