Yaƙin Lido Tsakanin Tanimu Mai Faci da Surukinsa

Ku gyara zama, ga tarihin sadauki ɗan sadauki, Tanimu Mai Faci, ɗan Sallau Mai Gyaran Fitila, ɗan Nomau wanda ya taɓa korar kura da murfin tukunya, in ji shi da bakinsa, don babu wanda ya gani. Shi ne Tanimu guguwar bakin tasha, dodon rumfar Isuhu Tela, mai girgiza gwangwani maza su kama ciki, wanda tun da aka kawo allon lido Malumfashi ba a taɓa cin sa ba. Wannan suna na "ba a taɓa cin sa ba" shi ne dukiyarsa kaf a duniya. Ba shi da gona, babur ɗinsa sai an tura, amma in ya ratso kasuwa har mahauta kan ɗaga wuƙa su gaishe shi.

Ga wanda bai san fagen ba: kowa na da launinsa da 'ya'ya huɗu a tsare a gida, ba mai fita sai ƙwayar da ake girgizawa a gwangwani a jefa ta ba da shida. In ɗanka ya sauka a kan ɗan wani, ka ci shi, ya koma gida jiran wata shidar. Wanda ya riga kewaye allo da 'ya'yansa duka shi ne mai nasara. Malaman rumfar Isuhu kuma sun ƙara dokoki biyu: wanda ya sami ci dole ya ci, wanda ya yi kuskuren ƙirga ɗansa ya koma gida.

Dabarar Tanimu kuwa ita ce kada ɗansa ya taɓa shiga gaban maƙiyi, sai dai ya laɓe a bayansa kamar kare a bayan mai tsire. In ci ya zo, sai ya miƙe tsaye, ya doka ɗan a allo, ya ƙwala kirarin da ya sa manyan magidanta kwana ba cin tuwo: "Koma gidan ubanku!"

To, ranar wata Talata bayan la'asar, Tanimu na kan benci ya gama karkashe rundunar wani direba, sai ga wani dattijo ya yi sallama, ya jingine kekensa mai saɓaɓɓiyar taya. Tirƙashi! Malam Barau ne daga ƙauye, mahaifin Hansatu matar Tanimu, ya zo a yi masa faci. Nan take gwarzon ya zame daga benci, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya dasa idanu a ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

Isuhu Tela kuwa, baƙin mugu, wanda ya yi shekara da shekaru yana komawa gidan ubansu, ya hango abin da bai taɓa samu ba. Ya kakkaɓe benci da hularsa, murya kamar zuma.

"Baba, kafin a kama aikin keken, ku ɗan taɓa mana lido da surukin naku."

"Ni ban san kanta ba," in ji tsohon, "amma a gida an cika mu da labarinsa. Bari in gani."

Wayyo Tanimu! In ya ci surukinsa a bainar jama'a, ya zama marar kunyar da za a riƙa nuna wa da baki har jikoki. In ya bari aka ci shi, sunan ya tafi. Ya auna wannan, ya auna wancan, ya zaɓi kunya. Sai dai fa faɗuwa ma aiki ce, kuma bai taɓa koyon ta ba.

Aka buga tambari, wato gwangwanin madara, aka ja daga. Tsoho na bisa benci, sadauki na tsugune, don ba ya haɗa mazauni da suruki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kiran shida kamar mai kiran budurwa, yau ga shi yana roƙon ta a zuci ta yi masa nisa. Ya jefa a hankali: shida. Ya jefa da hagu: shida. Ya kau da kai ya jefa kamar mai yar da ƙwallon mangwaro, ƙwayar nan marar mutunci ta mirgina, ta yi rawa, ta tsaya a kan shida. Rumfa ta kaure da sowa, shi kuwa gumi har cikin kunne.

Haka aka yi ta ɗauki ba daɗi, yana tura 'ya'yansa gaban na tsohon da gangan, yana miƙa su kamar ragunan layya, tsohon kuwa ƙwaya ta ƙi ba shi lambar ci, sai ya bi ta gefensu ya wuce yana tambayar nawa ake sayar da buhun masara a nan. Duk da jihadin da Tanimu ya yi na neman faɗuwa, 'ya'yansa uku suka kewaye allo suka shige, ba da son ransa ba. Saura ɗaya tal a hanya, ga kuma ɗan Malam Barau a gabansa, taki biyar tsakaninsu.

Ya girgiza gwangwani. Ya jefa. Biyar.

Har keken ɗinkin Isuhu sai da ya tsaya. Ba wani ɗan da zai matsar, doka kuma ta ce dole ya ci. Daga can bayan taron wani shaƙiyyi ya ce, "Sarkin yaƙi, a miƙe a yi kirarin mana!" Kirarin ma da kansa ya taso masa, ya zo har maƙogwaro, ya haɗiye shi da ƙyar kamar busasshen rogo.

A nan ne Tanimu ɗan Sallau ɗan Nomau ya aikata abin da marubuta tarihi za su daɗe suna kuka a kai. Ya ɗauki ɗansa ya fara ƙirga, murya can ƙasa: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu," ya tsallake kan ɗan surukinsa kamar mai tsallake kwata, ya dire a gaba ya ce, "biyar."

"Kuskure!" Isuhu ya daka tsalle har tef ɗin awo ya faɗo daga wuyansa. "Jama'a ku shaida, kuskuren ƙirga! Gida!"

Ɗan ya koma gida. Ƙwaya kuma, da ta ga an wulaƙanta alherinta, ta yi fushi ta ɗauke shida ɗungurungum. Daga nan sai ɗaya, sai biyu, sai ɗaya. Malam Barau ya yi ta jan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai kora awaki rafi, yana tsayawa ya ɓare goro, Tanimu na tsugune, gwiwoyi sun mutu tun tuni. Dab da magariba ɗan tsohon na ƙarshe ya shige. Daular da ba a taɓa ci ba ta faɗi a hannun mutumin da har yanzu bai tabbatar wane launi ne nasa ba.

Malam Barau ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya dubi surukinsa da tausayi na gaskiya.

"Malam Tanimu, ashe ko ƙirga ba ka iya ba. Ba komai, ba zan faɗa a gida ba. Amma ka riƙa zama kusa da wannan tela, ya fi ka ganewa, zai koya maka."

Tanimu ya sunkuyar da kai.

"To, Baba. Na gode, Baba."

"Madalla. Tashi ka duba mini tayar nan, dare na yi."