Yadda Ake Yi wa Gwamnati Yaji

"Ke kika kashe mana aiki, Gwaggo! Ke, ba wani ba!"

"Ni na riƙe masa alƙalami?"

"Kunnensa kika riƙe, ai ya fi alƙalamin!"

Mai wannan ihun Salamatu ce, matar Iliya ɗan ƙanena. Tun hantsi take tsaye a bakin ƙofar ɗakina, nan gidanmu na Jugu, hannu a ƙugu. Shi kuwa gogan yana bakin rijiya yana ɓare goro kamar ba da shi ake ba. Ku bar ta ta yi, ni rubutuna nake.

Tun da Faransawa suka naɗe kayansu aka ba mu ƙasa, ban ga abin da ke wahal da maza kamar fita daga aikin gwamnati ba. Wani sai haƙoransa sun zube a kan kujera, ana ta ce masa takardunsa suna Kwatano. To ni Hajjo na samo gajeriyar hanya, kuma a gidan nan aka gwada ta. Kai mai kaki, in ka bi abin da zan jera maka, na yi maka alkawari kafin goron aljihunka ya bushe ka rabu da gwamnati, rabuwar da ko a hanya kuka haɗu ba za ta gane ka ba. Ga Iliya nan da ransa, ku tambaye shi.

1. Ka samo abin fushi mai daraja

Kada ka bar aiki don gajiya ko ciwon baya, ba mai ba da labarinka. Ka jira a taɓa maka mutunci.

Iliya mai awon kaya ne a wani biro, wato ofishi, na gwamnati can wajen Gar, tashar jirgin Paraku. Tun zamanin Nasara yake ɗora buhuna a sikeli. Yana da kaki, yana da hula, yana da gidan gwamnati a unguwar Lajifarani mai kwano da famfo a tsakar gida, kuma saura ƙiris ya kai shekarun fansho. Sai aka kawo sabon shef, wato shugaban biro, yaro mai ƙullin wuya. Ya dubi bangon da ke bayan sikeli ya ga ya yi ja wur, ya tambaya ko fenti ne. Aka ce masa a'a, aikin bakin Malam Iliya ne na shekara da shekaru. Nan take ya sa aka shafe bangon da farar ƙasa, ya kuma hana cin goro a biro.

Goro fa! Jikan madugu, wanda kakansa ya tako daga Gwanja da jakuna, a ce masa kada ya ci goro. In naka fushin bai kai wannan ba, ka koma ka zauna, lokacinka bai yi ba.

2. Ka kai ƙara wurin wadda ta san aure

Kada ka je wurin abokan aiki, su haƙuri kawai suka iya bayarwa. Kada ka je wurin malam, zai ce ka yi istihara. Tsohuwa za ka nema, wadda ta zauna gidan miji ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Domin ka sani, aikin gwamnati aure ne. Ta ba ka ɗaki, ta ɗinka maka sutura, ta ba ka na cefane ƙarshen wata, sannan ta daka maka tsawa gaban mutane. Me ya rage? Wanda kuwa aka raina a gidan aure, maganinsa yaji. Ni marigayi mijina Ladan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa saya mini atamfa da daɗin rai ba. Duk zanen kirki da ke cikin akwatina a wurin biko na same shi.

Iliya ya zo mini ranar Lahadi, ido ja. Ina goga gorona a magogi, don haƙora sun daɗe da yi mini sallama, na saurare shi har ya gama.

Na ce, "Wa ya iya sikelin nan bayan kai?"

Ya ce, "Gwaggo, babu."

Na ce, "To me kake jira? Ka yi musu yaji. Da ƙafarsu za su zo, har da huhun goro."

3. Kada matarka ta ji

Wannan gajere ne. Matar ma'aikaci famfo take gani, ba mutunci ba. In ta ji, za ta ɓoye maka takalmi.

("Da na ɓoye har da ƙafar!" in ji Salamatu daga bakin ƙofa. Ashe tana leƙen abin da nake rubutawa.)

4. Ka fita da rana tsaka, ka ɗauko abin da za a biyo

Yajin da ba a gani ba, yawo ne. Ka zaɓi lokacin da biro ya cika, 'yan dako na tsaye, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, na jiran a sallame su. Iliya ya yi wannan da kyau, na ba shi. Ya zaro farin goro ɗan Gwanja, ya fasa shi ƙas a gaban shef, ya tauna a natse, ya juya ya sa wa sabon bangon hannu da baki. Masu sayar da masa a Gar har yau suna ba da labarin.

Sannan mai yaji ba ta fita hannu sake. Takan ɗauki abin da gida ba ya kwana sai da shi, muciya ko ludayi, don dole a biyo ta. Iliya ya cire ƙarfen awon sikeli, wani dunƙule mai nauyin kan ɗan akuya, ya jefa a aljihun riga, ya fita yana tafiya a karkace.

Amma ga inda ɗan boko ya nuna halinsa. Kafin ya fita sai da ya zauna ya rubuta takardar murabus da Faransanci, har da rattaba hannu, wai don abin ya yi armashi. Ni yaji na ce. Wace mace ce ta taɓa yin yaji ta rubuta wa kanta saki? A riƙe wannan, zan dawo kansa.

5. Ka tafi gidan iyaye, ka rame

Ba a yaji a unguwar Banikanni, can cikin Parakun kusa da biro, inda za a gan ka gobe kana cinikin doya. Nisa shi ne kwarjini. Iliya ya hau kamyon goro ya sauka Jugu, na ba shi ɗakin zaure. Ƙarfen sikelin kuwa ya yi mini rana. Ƙyauren ɗakina na kwano ne, iska kaɗan sai ya rufo da ƙara kamar an harba bindiga. Na tokare shi da ƙarfen gwamnati, muka samu lafiya.

Aikinka a nan shi ne a gan ka cikin damuwa. Ka zauna ka yi tagumi. In an gaishe ka, ka amsa da hanci. Sakwara kuwa ka ci ta a ɗaki, bayan an saki labule. Iliya a wannan matakin ya gaza. Cikin ɗan lokaci wuyansa ya yi kauri, har maƙwabta suna tambaya ko ƙarin girma aka yi masa.

6. Bikon farko ba a karɓarsa

Ka buɗe kunne, nan ne zuciyar karatun.

Ranar wata Juma'a sai ga Ishaƙu, masinjan biro, tsohon abokin Iliya, ya sha hanya duk ya jigata. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Malam Iliya, tashi mu tafi. Buhuna sun taru har bakin titi. Shef ya ce takardarka tana aljihun teburinsa, bai aika da ita ko'ina ba. Ka dawo da ƙarfen ranar Litinin, ya yage ta a gabanka. Goron ma ya ce ka riƙa ci a waje, gindin mangwaro."

Na ga Iliya ya fara laluben takalmi da ƙafa. Na taka masa yatsa.

Na ce, "Ishaƙu, kai kaɗai aka aiko?"

"Ni kaɗai, Inna."

"Hannu sake?"

"Inna, gwamnati ce fa."

"Gwamnatin ba ta da manya? Ba ta da kawu, ba ta da limami? Ɗan mutane za ta wulaƙanta sannan ta aiko masinja? Ka koma ka ce mun ji, muna shawara."

Ishaƙu ya dubi Iliya. "Abokina, da bakinka nake son ji."

Iliya ya juya fuska bango, yadda na koya masa, ya ce, "Gindin mangwaro? Ni akuya ne?"

Wallahi har ƙwalla na yi don daɗi. Wadda ta bi ɗan aiken farko, a gidan nan ba za ta ƙara daraja ba har ta mutu. Na farko na gwaji ne. Na biyu shi ke zuwa da kaya.

7. Ka shirya wa biko na biyu

Ka sa a share ƙofar gida, a dama fura, a shimfiɗa tabarmi, a gaya wa dattawan unguwa su zauna kusa. Kada ka kula da rediyo. Mu muna cikin shiri sai rediyon maƙwabci ya kama kiɗan soja tun safe, aka ce mulki ya sake hannu a Kwatano. Na ce ina ruwanmu, mu da Paraku muke magana.

Ashe da ruwanmu. An ɗauke shef mai ƙullin wuya an kai shi wani gari. Wanda ya gaje shi ya buɗe aljihun tebur, ya ga takarda, bai san Iliya ba, bai san bango ba, ya sa hannu ya buga hatimi. Ni a zamanina in kika yi yaji, mijin da kika bari shi za ki koma ki tarar. Wannan aure da ake sauya ango ana tsakiyar fushi, ban taɓa ganin irinsa ba.

Mu dai ba mu sani ba. Da motar gwamnati ta tsaya ƙofar gida, na rangaɗa guɗa har mata suka fito da ludayi a hannu. Jandarma biyu, 'yan sandan gwamnati, suka sauko, Ishaƙu na bayansu, kai a ƙasa. Na ce wa dattawa, "Kun gani? Har da 'yan rakiya." Iliya ya gyara zama, ya juya fuska bango, tun ba a yi sallama ba ya ce, "Ba na komawa!"

Babban jandarman ya yi magana da Faransanci. Na ce, "Ishaƙu, me ya ce? Haƙuri yake bayarwa?"

"Ya ce madalla, Inna. Ya ce a miƙo ƙarfen sikeli, da kaki, da hula."

Furar dai sun sha, ba su bar ko ɗigo ba. Ƙaramin ya sunkuya ya zare ƙarfen daga gindin ƙyaurena, ƙyauren ya rufo garam, har liman ya zabura. Ba su kai ga tayar da mota ba sai ga kamyon goro ya tsaya a bayansu. Can ƙololuwa, kan huhuna, ga gado, ga tukwane, ga Salamatu zaune kan katifa da 'yarta Fati a cinya. An karɓi makullin gidan Lajifarani. Kallon da ta yi mini daga saman nan, da ashana ce da Jugu ta ƙone.

8. Ka more hutunka

Ka ga alkawarina ya cika. Ba tashin asuba don biro, ba shef, ba jiran takardun fansho, tun da ba fanshon. Iliya yanzu yana cin goro inda ya ga dama, kuma bangon gidan nan duk nasa ne. Jiya ma ɗan'uwansa Usuman ya ce zai ɗauke shi awon goro a rumfarsa ta kasuwa, da sharaɗin kada ya ci na sayarwa. Iliya ya zo yana tambayata ko wannan ma raini ne. Na ce ya bari in yi tunani.

Abin da ba ruwana da shi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa gida, ko famfo, ko fansho, kada ya zo mini ƙofa. Ni ban yi wa kowa alkawarin za a dawo da shi ba, fita na ce, kuma an fita. Ban ce a rubuta takarda ba. Ban aiki soja gidan rediyo ba. In gwamnati ba ta san biko ba, laifin waɗanda suka rene ta ne, a je a tambayi Faransawa. Kuma har gobe ina nan kan bakana, da an yi haƙuri an jira na uku...

"Na uku?" Salamatu ce ta shigo har tsakar ɗaki. Na ɗaga kai na ga ta yafa mayafi, ta goya Fati, ƙunshin kaya a ka. "Gwaggo, karanto mini na huɗun nan."

"Wanne?"

"Na fita da rana tsaka. Ga rana, ga mutane a ƙofa. Me kuma kika ce? A ɗauki abin da gida ba ya kwana sai da shi?"

Kafin in rufe baki ta sunkuya ta ɗauke magogin gorona daga kan tabarma, ta cusa a ƙugu.

"Ke 'yar nan! Da me zan ci goro?"

"Gidanmu na Paraku, Banikanni, bayan masu gyaran keke. Kun san hanya." Ta leƙa tsakar gida. "Baban Fati, in ka tashi zuwa ka zo da manya, ka zo da kaya, ka zo da aiki a hannunka."

Iliya ya taso da guntun goro a leɓe. "Gwaggo, in bi ta?"

"Ka bi ni mana," in ji Salamatu. "Amma ka tambayi malamarka abin da ake yi wa na farko."

Ta fita, ta fizgo ƙyauren da ba shi da abin tokarewa. Garam!