Ranar da Na Kashe Kaka Tanko da Magani Biyu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kashe Kaka Tanko ba, da hannuna, a gaban direktan lakol ɗinmu, wato makarantarmu, kuma bisa tsari. Kafin wani ya nufi wajen jandarma, bari in yi bayani daki-daki, don ni ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Da farko dai, ni surbeyan ne a wani kwaleji a Agye. Aikina in tsaya bakin ƙofa da safe, in rubuta wanda ya makara, in jera ɗalibai a layi. Karatuna bai yi nisa ba, amma rubutuna yana da kyau, kuma ba a taɓa kama ni da tsallake lamba ba. (Matata ta ce ko takalman baƙi na tarar a ƙofar ɗaki sai na jera su daga babba zuwa ƙarami. Gaskiya ta faɗa, kuma har yau ban ga laifin abin ba.)

Na biyu, wasan. Wani malamin faransanci, Mushe Idi (haka ake kiran malami namiji a lakol), shi ya zo mana da shi daga Maraɗi. Ba karta ba ce, ba dara ba. Ana kewaye tebur ne, kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi a cikin labari, da takardar da ke ɗauke da sunansa da abin da ya iya. Mushe Idi ne mai ba da labarin. Zai ce ga ku cikin daji, ga abin da ya taso muku, me za ku yi? Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ɗan lido, doka ta yanke ko ka dace. Ran kowane mutum kuwa wake ne a cikin gwangwanin tumatir. In an sare ka a ɗebe wake, in an yi maka magani a zuba. Ranar da gwangwani ya zama wayam mutuminka ya mutu, kuma mutuwar ba ta da gyara, Mushe Idi zai karɓi takardar ya ja mata layi.

Ranar da na fara tarar da su a ɗakin malamai, da niyyar kai ƙara na shiga. Na tambaya ko caca ce, aka ce a'a. Na tambaya ko abin yana da doka, sai Mushe Idi ya miƙo mini wasu takardu da ya fassara da hannunsa, ba lamba, ba layi, wata dokar ma a gefen takarda take a karkace. Abin da ya kama ni ke nan. Na tafi da su gida, na samo sabon kaye, wato littafin rubutu, na kwafe su tsaf, na sa musu lamba daga ɗaya zuwa arba'in. Sannan na ƙara ta arba'in da ɗaya, tawa ta kaina: ba mai magana sai layinsa ya zo, wanda ya yi a cire masa wake ɗaya. Ku riƙe wannan dokar, za mu dawo kanta.

Mu uku muke wasa. Madam Rakiya, malamar kimiyya, ita ce jagorar ayari. Ni ne mai magani, da jakata. Sai Lawali, ɗan gwaggona, taubashina, tela a Cadawa, wanda kowace Asabar yake rufe shago ya hawo moto, wato babur, don wasan nan. Shi maharbi ya ɗauka, ya sa masa sunan kakanmu, Tanko, wanda da ma maharbi ne a rayuwarsa. Lawali a hannun Kaka ya tashi, shi ya sa ya iya muryarsa, da gyaran muryar da yake yi kafin ya yi faɗa. In yana wasa sai in ji kamar tsohon ne ya dawo ya zauna a ɗakin malamai. Wata bakwai yana rainon maharbin nan. Har ƴar riga ya ɗinka wa gwangwaninsa da ragowar shadda.

To, Asabar ɗin da nake magana ita ce ta babban faɗa. Wata kunama mai girman amalanke ta tare wa ayarinmu hanya, kuma tun farkon labarin ita muke nema. Ni kuma, don neman suna, sai na gayyato direkta ya zo ya gani da idonsa cewa wasan nan tsari yake koyarwa. Ya zo bayan azahar, ya ja kujera ya zauna a bayana.

A zagaye na huɗu kunamar ta harbi Tanko. Aka yi ta ɗebe wake har saura uku. Mushe Idi ya dube ni ya ce, "Dafin zai ci wake goma a ƙarshen zagayen nan. Mai magani, layinka ne. Doka ta ba ka damar magani biyu."

Na buɗe takardar jakata. Ita ma a jere take, na sha a sama, na shafawa a ƙasa. Lamba ɗaya, jiƙon sassaƙe, wake shida. Lamba biyu, ruwan saiwa, wake biyar. Lamba uku, man shafawa, wake huɗu. Ga mutum irina, in an ce ka ɗauki biyu, ai ba tambaya: ɗaya da biyu.

Sai na miƙe tsaye. (Ba a miƙewa a wasan nan. Ni kaɗai na taɓa yi.) Na gyara wuyan riga, na juya gefen direkta na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu za ka ga amfanin tsari. Da farko, zan ba shi jiƙo, wake shida. Na biyu, zan bi shi da ruwan saiwa, wake biyar. Uku da shida da biyar, sha huɗu. Dafi ya ci goma, saura huɗu. Kaka ya tashi."

Madam Rakiya ta yi zumbur ta ce, "Surbeyan, dakata, kada ka..."

Na ɗaga mata hannu kamar yadda nake yi wa ƴan makara. "Madam, layinki ne?"

"Ba layina ba ne, amma wallahi ka..."

"Doka ta arba'in da ɗaya." Na sa yatsa a gwangwaninta na cire wake ɗaya. Ta dube ni, ta dubi silin, ta harɗe hannu.

Lawali kuwa wake uku gare shi, ba shi da na asara. Sai ya cire hularsa ya toshe baki da ita, yana ta zaro mini ido, yana nuna ƙasan takardata da ƙafar tabarau. Na ɗauka tsokanar da ya saba ce. Har na ce masa, "Kwantar da hankalinka, bawana, yau ubangidanka zai cece ka." Na ƙirga wake sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ina sakinsu a gwangwani don kowa ya ji ƙararsu.

Mushe Idi ya bari sai da na gama na zauna. Sannan ya turo mini kayen a hankali ya ce, "Surbeyan, karanta mana doka ta goma sha bakwai."

Na sake miƙewa, don ina son karatu a gaban manya. Na buɗe murya: "Magani biyu iri ɗaya ba sa haɗuwa a zagaye ɗaya, mafi ƙarfinsu kaɗai ke aiki. Amma na sha da na shafawa..." Na ƙarasa kamar mai raɗa: "suna haɗuwa."

Har ƙarar fanka na ji tana ƙirga mini wauta. Jiƙo na sha ne, ruwan saiwa na sha ne. Ni da na tashi a gidan da in zazzaɓi ya kama ka za a ɗura maka jiƙo, a bi da ƙwaya, a kawo wani jiƙon daga maƙwabta, ban taɓa kawowa a raina cewa wani magani zai ƙi hawa kan wani ba. Da lamba uku na ɗauka a madadin lamba biyu, uku da shida da huɗu sha uku ne, Tanko ya tsira da wake uku. Amma wa zai tsallake biyu ya tafi uku?

"Cire biyar ɗin," in ji Mushe Idi.

Na cire su da hannuna. Saura tara. Ya ce in ƙirga na dafi. Na ƙirga har tara, na laluba gindin gwangwani ina neman na goma, sai tsatsa.

Na ce, "To a mayar da layin baya, in sake."

Madam Rakiya ta ɗaga hannu cikin ladabi, ta jira sai da aka ba ta izni, sannan ta ce, "Doka ta tara. Abin da aka faɗa ya faɗu. Kai ka karanta mini ita makon jiya, har sau biyu."

Direkta ya miƙo hannu ya karɓi kayen, ya juya shafi biyu uku ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai. "Rubutun dai da kyau." Ya ajiye ya fita.

Na so Lawali ya zage ni. Taubashi ne, yana da haƙƙi, kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Amma bai zage ni ba. Ya kalli Mushe Idi yana ja wa takardar Tanko layi, ya zare ƴar rigar gwangwanin ya ninke ya sa aljihu, ya tada moto ya tafi. Asabar ta zo bai zo ba. Wata ta sake zuwa, shiru. Na kira wayarsa bai ɗauka ba. A nan na gane ba wake na zubar ba.

Ran Lahadi na hau mota zuwa Cadawa, na tsara ban-haƙuri kashi uku a kaina. Ina yin sallama a shagon na tarar da mutum biyar zaune, har da Gwaggo da ta kawo gyaran zane. Duk suka miƙe lokaci ɗaya. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Sannu da zuwa, likita. Ya muka ji da haƙuri?"

Lawali bai ɗago daga keken ɗinki ba ya ce, "Ku ba shi wuri, amma kowa ya riƙe lahiyarshi. Wanga bawa nawa in ya ba ka na ɗaya da na biyu, sai dai a nemo likkafani."

Gwaggo tana share hawayen dariya ta ce, "Kai ɗan nan, tsohon da ya ƙare da zakuna lahiya, kai ka gama da shi da jiƙo?"

Ban samu na faɗi ko kashi na farko ba. Amma da na ga yana taka keke kafaɗunsa suna rawa, na san an yafe mini.

Ya dawo wasa bisa sharaɗi biyu. Na farko, in soke doka ta arba'in da ɗaya da bik ɗina, wato alƙalamina, a gaban kowa. Na soke (da rula, don layin ya miƙe). Na biyu, a karɓe jakar magani a ba Madam Rakiya, ni kuma a ba ni jakin da ke ɗaukarta. Wata huɗu ke nan ina jaki. Sabon maharbin Lawali sunansa Tanko Ƙarami, kuma ya sa an rubuta a takardarsa cewa ba ya shan komai daga hannun dangi.

Abin da na koya shi ne, na kwafe doka arba'in da kyakkyawan rubutu ban riƙe ko ɗaya ba, wadda na sani da ka kuwa ita ce mai toshe bakin masu ceto na. Yanzu in ɗalibi ya ɗaga hannu a tsakiyar jawabina, nakan haɗiye fushi in ce ya faɗa. Sau da yawa fitsari yake son zuwa. Duk da haka ina saurara, don ban san ranar da zai ce mini in duba lamba uku ba.