Ranar da Na Shafa wa Goge Basilin

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka ba ni fitowa a fim, na farko kuma na ƙarshe. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Gyadi-Gyadi, amma son fim ya hana ni sakat. Na yi ta naci wa wani darakta har ya gaji ya sa ni.

Labarin wasu makaɗan gargajiya ne da suka shekara ashirin tare, sai rigima ta ɓarke a kan wanda zai gaji shugabansu. Ni ne mai goge (ni da ko tafi ban iya shi daidai ba). Aikina in riƙe in yi ta motsa hannu, daga baya Baba Tanko, dattijon da ya ara mana gogen, ya kaɗa a ɗauki sautin. Ya ce da la'asar zai tafi Tarauni, ya yi wa amininsa alkawarin kiɗa a bikin ɗansa.

A wani gida muke a Darmanawa. Da Baba ya tafi sallar azahar na duba gogen nan, raina ya ɓaci. Wani farin gari ya danƙare a gashin dokin da aka yi tsarkiyar da shi, ga danƙo. A ce wannan ƙazanta za ta fito a hannuna duniya ta gani? Na ciro basilin daga jakata, na bi tsarkiyar da izgar gogawa na murje su tas har suna ƙyalli. Har da kallon mutane ina jiran yabo.

Baba ya dawo, ya ɗauki gogen ya ja. Shiru. Ya sake ja, sai wani "fuu" kamar an sace iskar taya. Ya sansana, ya dubi yatsunsa.

"Wane ne ya taɓa?"

"Ni ne, Baba. Datti na goge maka."

"Ɗan nan, ƙaro ne. Da shi yake magana. Wata uku ina ciyar da gashin nan."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Darakta kuwa bai rage mini komai ba, har asibitinmu ya tausaya wa. Na ce a wanke da omo (don Allah ji wani sabon shirme), ba wanda ya ko kalle ni. Na tari adaidaita na zaga Daurawa ina tambayar mai doki, mutane na yi mini kallon taɓaɓɓe. Ko gashi ɗaya ban samo ba.

Da na dawo an ba wani fitowata. Wannan bai dame ni ba kamar jin Baba a waya yana ce wa amininsa, "Alhaji, ka yafe ni, yau gogen ba shi da lafiya."

Tun ranar, in na ga datti a kayan sana'ar wani, hannuna a aljihu yake. Wataƙila dattin ne ke ciyar da shi.