Ranar da Na Yi Sulhun Kwata

Tun ina yaro aka san ni da saurin fushi. Amma da na dawo daga aikin Hajji ina ɗan shekara hamsin, sai na sanar wa duk unguwarmu ta Soron Ɗinki cewa na sauya hali. Har murya na sassauta.

Maƙwabtana biyu, Malam Sabo da Alhaji Iro, sun yi wata uku ba sa gaisawa saboda kwatar da ke tsakanin gidajensu. Ba wanda ya aike ni, na zaunar da su a zaurena na fara yi musu wa'azi kan haƙuri. Ina tsaka da jawabi Malam Sabo ya ce, "Alhaji, ai sharar gidanka ce ma take toshe kwatar."

Ban san sanda na jefar da hula na tattare babbar riga ba. Su biyun ne suka rirriƙe ni, Alhaji Iro yana cewa, "Malam Sabo, kama ƙafar!" Tare suka tafi sallar la'asar suna dariya.

Har yau, in rigima ta tashi a unguwa sai a ce, "A kira Alhaji, amma a nemo ƙarti biyu da za su riƙe shi."