Gidajen da Uban Teku Ya Gina wa Agwagi

Duk arewacin Norway babu mai ƙaunar teku kamar shugaban tsibirinmu, Asbjorn Kvalnes. Shi da kansa ya gaya mana, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Muna kiransa Uban Teku, ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta a jikin jirginsa.

Saboda tsabar ƙauna ya cika bakin ruwa da kejin kiwon kifi, kashinsu ya shimfiɗe a ƙasa. Takin gonarsa kuwa ruwan sama ke kai wa teku kyauta. Ya sa jirage suka aske ciyawar ruwa don masana'anta, suka haɗa da dodon koɗin da ke manne a duwatsu. Kowanne aka yi masa magana a kai sai ya ɗaga yatsa: "Ɗan wannan? Teku fa babba ce, jama'a. Na san ta, ita ma ta san ni."

Wadda abin ya ci ita ce tsohuwa Solfrid. Sana'arta ta gado ce. Kowace bazara takan gyara 'yan ɗakunan katako, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawar ruwa, agwagin teku su zo su yi ƙwai. In sun ƙyanƙyashe sun tafi, ta tsince lallausan gashin da suka bari ta yi barguna. Agwagin nan dodon koɗi ne abincinsu. A da ɗari uku suke zuwa mata, bara goma sha ɗaya suka zo. Ta ce in bana ba su ƙaru ba, dole ta koma birni wurin 'yarta, birnin da ta tsana kamar ciwon haƙori.

Uban Teku ya yi nazari mai zurfi na kusan minti biyar, ya gano matsalar: ƙarancin muhalli. Ya gina ɗakuna sittin, jan fenti, kowanne da lamba a ƙofa. Ya buɗe su da jawabi a lasifika, a watan da kowa ya san ba a ɗaga murya a tsibirin saboda agwagi na kwanci, har karnuka ɗaure su ake yi. Agwagi huɗun da suka fara kwanci suka tashi, hankaki suka shanye ƙwan kafin a gama tafi.

Solfrid ta ce, "Ranka ya daɗe, gida kam ka ba su. Fentin za su ci?" Ya amsa mata cewa kwamiti zai duba.

Kwamiti kuwa ya duba. Ranar da muka raka Solfrid bakin jirgi da akwatinta, raina a ɓace, jirgin da zai ɗauke ta ya sauke agwagin katako sittin, ɗaya don kowane ɗaki. Uban Teku ya gyara tsayuwa ya sanar cewa a mulkinsa adadin agwagi ya ninka biyar.

Tsohuwar ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa cikinta, ta miƙa masa. "Ka yi dabara, Asbjorn. Waɗannan kaɗai ne za su ƙoshi da abin da ka bar musu."